Bajon da Ya Kwana da Surukuwa

Har yau in na je Anka biki ko jana'iza, ba a rasa wani tsoho da zai ƙura mini ido ya ce, "Kai, ba kai ne mutumin akwati ba?" Ni ne. Na daina musu tun tuni. Amma tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, har wani ya rantse wai kore shar na koma kamar ganyen rama, gara in faɗe shi da bakina.

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, lokacin da ake aikin titin da ya tashi daga Anka ya nufi Gummi. Ina da 'yar takardata ta makarantar koyon sana'a, sai kamfanin ya ɗauke ni a sashen awon ƙasa. Aikinmu shi ne, in motoci sun zuba jan burji, rola ta bi ta daddanne shi, mu za mu je mu auna, mu ce ya dannu ko bai dannu ba. In muka ce bai dannu ba, ba mai zuba kwalta. Don haka direbobin rola ba sa ƙaunarmu ko kaɗan, mu kuwa muna tafiya muna buɗa kafaɗa.

Da can rami muke haƙawa, mu kwashe ƙasar mu ɗora a sikeli, mu soya ta a kasko har ta bushe, mu sake aunawa. Rabin yini ke nan a kan wuri guda. Sai rannan Injiniyanmu, wani dogon Bature mai jan wuya wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "maza-maza" ba, ya dawo daga tafiya da wani akwati ruwan ɗorawa mai kwaɗo biyu. A jikinsa an zana wata alama mai kunne uku kamar fanka. A ciki akwai na'urar da take yin aikin rabin yinin nan a minti guda.

Ga yadda take. A ƙarshen wani ƙarfe da ke cikinta akwai ɗan sinadari, bai fi ƙwayar dawa ba, sunansa siziyam. Shi wannan abu kullum yana fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, mu muna ce masa tururi. Ba a kunna shi, ba a kashe shi, haka Allah ya yi shi. Sai ka huda ƙasa, ka zura ƙarfen, ka ja da baya. Tururin zai ratso ƙasar ya hau zuwa gindin na'urar, ita kuma ta ƙirga abin da ya iso. In ƙasa ta dannu, kaɗan ne zai wuce, in kuwa sako-sako take, da yawa zai wuce. Sai ka karanta lamba ka duba takarda, shi ke nan.

Dokokinta sun fi aikinta yawa. Ba a zama kusa da ita, ba a daɗewa a gabanta, ba a ɗaukar ta a gaban mota sai can bayan a-kori-kura. Direbanmu, wani dattijo mutumin Bukkuyum da bakinsa ba ya hutawa, da ya ji dokokin sai ya ce, "Af, ai wagga surukuwa ce. A gaishe ta daga nesa, a sunkuyar da kai a wuce." Sunan da ya bi ta ke nan, har Injiniya ya koya.

Ni aka zaɓa in riƙe Surukuwa da makullanta. Wayyo, ranar nan ko gaisuwar masu rola ban amsa ba! Sannan Injiniya ya maƙala mini wani ɗan bajo a ƙirjin riga, kamar kwalin ashana. Ya ce a cikinsa akwai fim irin na masu hoto. Duk tururin da ya taɓa jikina zai taɓa fim ɗin ya baƙanta shi. Ƙarshen wata a aika da shi can Kudu, masana su wanke su ga ko nawa na sha, a aiko da sabo. Wato bajo ba ya kare mutum daga komai, shaida ne kawai.

Wannan bayani ne na kasa shigar wa Inna. Ran Juma'a na je gida Anka, na rataye rigar aiki na tafi masallaci. Na dawo na tarar da riga ba bajo.

Na ce, "Inna, ina abin da ke jikin rigata?"

Ta ce, "Layarka? Haba ɗan nan, wa ka taɓa gani yana yawo da laya tsirara? Na kai ma baduku."

Na ruga da gudu takalmi a hannu. Na iske baduku ya riga ya ɓalle bajon don ya ga wane malami ya yi rubutun, ya ɗaga fim ɗin ya duba shi a rana da kyau, bai ga ko alif ba, ya mayar, ya ɗinke shi da jar fata har da 'yan tuntaye. Gaskiya aikin ya yi kyau. Sai dai fim da ya ga rana ya gama yawo.

Ran Asabar na ajiye layar a teburin Injiniya. Wuyansa ya ƙara ja. Ya yi faɗa har gilashinsa ya zamo, ya ce bajo ba ya zuwa gida, ba ya zuwa kasuwa. In an tashi aiki in rataye shi a ƙusar da ke bangon ofis. Sannan ya nuna ni da yatsa ya ce in wani abu ya sake samun bajona, in tattara nawa-i-nawa in bar masa yadi, wato harabar kamfani.

Da sabon bajo ya zo, na tsaya na dubi ƙusar nan na dubi ofishin. Ƙofarsa a buɗe take wuni, lebura ya shiga, mai shara ya shiga, har akuyar mai gadi ta taɓa shiga ta cinye rabin taswirar gada. A nan zan bar aikina a rataye? Ina! Sai na yi tunani irin na mai takarda. A duk yadin nan wane wuri ne ɓarawo ba ya zuwa, akuya ba ta zuwa, Inna ba ta zuwa? Akwatin Surukuwa. Kwaɗo biyu, makulli a aljihuna, kowa yana tsoronsa. Daga ranar, da an tashi aiki sai in cire bajo in kwantar da shi a gefen na'urar, in rufe, in kulle. Da safe in ɗauko in maƙala. Wata guda cur ina haka, ina yaba wa kaina.

A lokacin ina neman aure. Akwai wata rugar Fulani wajen Nasarawa Burkullu, ɗiyar mai rugar tana kawo nono bakin aiki tare da 'yan uwanta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, amma in ta yi guda sai ka kwana biyu kana juya ta. Tana kirana Kaɗo, yadda Fulani ke ce wa Bahaushe, ni ina ce mata Gwaggon Nono don in ji me za ta ce. Magana ta yi nisa, kawuna ya je ya ga Baffanta mai rugar, direba ne ma ya kai shi don shi ya san hanya kuma yana jin Fulatanci. An karɓi goro, an ce bayan kaka. Ina son ta, ba na ɓoyewa, son da ya sa na riƙa shan nono sau uku a wuni alhali yana ɓata mini ciki.

Sai takarda ta zo daga Kudu.

Injiniya ya kira ni ofis, ya ba ni kujera. Tun daga nan na san ba lafiya ba, don bai taɓa ba ni kujera ba. Ya ce bajona ya nuna abin da mutum bai kamata ya wuce a shekara guda ba, ni na shanye shi a wata ɗaya. Ya tambaye ni, "Kana sa shi kullum a wurin aiki?" Na ce ƙwarai. "Ka kai shi gida?" Na ce ko sau ɗaya. Ya dafe kai. Ya ce to ko na'urar ce take yoyo. Nan take aka kulle Surukuwa a sito, aka koma haƙa rami da soya ƙasa, ni kuma aka sa direba ya kai ni Gusau a ɗebi jinina.

Kuskuren da aka yi ke nan, sa direba. Kafin mu dawo, duk inda muka tsaya shan ruwa ya ba da labari. Kafin kwana uku, daga Anka har Gummi an san cewa wutar Bature ta ƙone yaron awo ta ciki. Likita ya ce bai ga komai a jinina ba, amma wa ya tsaya jin likita? Masu rola da ba sa gaishe ni suka riƙa zuwa suna cewa, "Sannu, Allah shi sa kaffara ne." Inna ta zo da kanta da tulun rubutu, tana kuka tana cewa, "Da ka bar ta cikin hwatarta da hakan ba ta hwaru ba!"

Ba zan yi ƙarya ba, kwanakin farko na ji daɗin abin. An zaunar da ni a inuwa ina jan layi a takarda. Injiniya ya sa a riƙa ba ni madarar gwangwani kullum. Ni kaina na tsorata, ina shafa jikina ina neman inda ya ƙone, amma tsoro da madara a inuwa ya fi lafiya a tsakar rana daɗi.

Ran nan Injiniya ya tara mu duka yana bayani, ni ina fassara wa sauran. Ya ce ya auna na'urar ta ko'ina, ba ta yoyo, shi abin ya ɗaure masa kai. Ya ce tururi kamar zafin murhu ne, na kusa shi ke sha, na nesa ba ya jin komai. Ya ce, "Kafin mutum ya sha abin da takardar nan ta ce, sai dai in rungume da na'urar yake kwana wata guda."

Na buɗe baki in fassara, maganar ta maƙale. Na san wanda ya kwana rungume da Surukuwa wata guda, kuma ba ni ba ne. Gumi ya karyo mini. Direba ya ce, "Kun gani ko? Ciwon ya taso mai!" Aka kawo mini ruwa ana yi mini fifita.

Gudun gara na faɗa gidan zago. In na yi magana, Injiniya ya riga ya faɗi hukunci: in wani abu ya sake samun bajo, in bar yadi. Ga kuma dariyar da za a yi mini har in mutu. In na yi shiru, ni ne abin tausayi, mai madara. Na zaɓi shiru. Allah ya yafe mini, har kwana tara na yi ina kallon mutane suna haƙa rami a rana saboda ni.

A rana ta goma kawuna ya aiko direba da saƙo. Direban ya zauna kusa da ni, ya cire hula, abin da bai saba ba.

Ya ce, "Baffa yac ce a dakata da maganar."

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Ya ji an ce wanda wutar ga ta taɓa ba ya haihuwa. Yac ce shi makiyayi ne, bai taɓa sa bijimi cikin garke ba sai ya san lafiyatai."

Na ce, "Wa ya gaya masa haka?"

Ya dubi sama ya dubi ƙasa, ya ce, "Ka san mutane da baki."

Na ji kamar in shaƙe shi. Amma ni na san wanda ya kamata a shaƙe. Madarar ranar ko buɗe ta ban yi ba.

Washegari da hantsi masu nono suka zo. Ta sauke ƙwaryarta nesa kaɗan da inuwata, ta jira 'yan uwanta suka yi gaba. Ta dubi gwangwanayen da ke gefena.

Ta ce, "Kaɗo, an ce ka ƙone."

Na sa ƙafa na tura gwangwanayen bayana.

Ta ce, "Ni dai ban ga hayaƙi ba. Na ga ka yi ƙiba."

A nan na karye. Na gaya mata komai, tun daga baduku har kwaɗo biyu. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Tsaya in gane. Abin da aka ba ka don ya faɗi ko ka kusanci wuta, shi ka ɗauka ka ajiye cikin wutar?" Na ce haka ne. Ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙari, don Fulani ba sa son a ga haƙoransu a bainar jama'a, amma abin ya fi ƙarfinta. Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da hawaye.

Da ta samu numfashi ta ce, "To ka je ka faɗa."

Na ce, "Za a kore ni."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta aza a ka. Ta ce, "Baffa yana da shanun da ba su da mai kiwo. Ni ba madara aka ce zan aura ba."

Ko la'asar ban jira ba. Na shiga ofis na tsaya, na ƙi kujera, na faɗi abin da na yi. Injiniya ya cire gilashi ya goge, ya mayar, ya ce in sake faɗi. Na sake. Ya tashi ya je taga ya juya mini baya, na ga wuyansa yana canza launi, ni kuwa ina ta salati a zuci. Can sai na ji wani sauti kamar ana tayar da tsohuwar rola. Ashe dariya yake. Mutumin nan kwana goma sha bai yi barcin kirki ba, yana zaton ya kashe ɗan mutane. Bai kore ni ba. Ya karɓe madarar, ya kuma yanke mini hukuncin da ya fi kora ciwo: duk sabon ma'aikacin da aka ɗauka, ni zan tsaya a gabansa in ba shi labarin da bakina, don ya san amfanin ƙusa.

Saura Baffa. Ran kasuwar da ta biyo muka tafi rugar, ni da kawuna da direba. Na ce wa direba tunda shi ya ƙulla, shi zai kwance. Aka shimfiɗa musu tabarma a gindin wata ƙirya. Ni na cire takalmi na tsuguna can nesa, kaina a ƙasa, daidai tazarar da nake ba Surukuwa a bakin aiki.

Direba ya yi bayani da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, ya ƙara gishiri yadda ya saba. Ni ina tsoron tsohon ba zai gane ba. Ashe ya fi mu duka saurin ganewa. Ya shafa gemu ya ce, "Wato riga ce ta kwana bakin murhu, aka shinshina aka ji hayaƙi, aka ce mai rigar ya ƙone."

Kawuna ya ce, "Awo, haka ne, Baffa."

Baffa ya ce, "Wa ya kai rigar bakin murhu?"

Direba ya nuna ni da haɓa.

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Aradu, Kaɗon nan ba ƙonanne ba ne. Wawa ne." Kawuna ya ce ai ƙuruciya ce. Baffa ya ce shi ya ga ƙuruciya iri-iri, wannan dabam take. Ya tashi ya shiga wajen mata, ya daɗe, ni ina tsugune ƙafata ta mutu. Da ya fito ya zauna ya ce, "Na tambaya. An ce an ji, an gani. An ce hankalin mutum guda ya ishi gida." Bayan kaka aka ɗaura.

Da nan labarin ya ƙare da na ji daɗi. Masu ba da shi a Anka ma nan suke tsayawa, a yi dariya a watse. Amma akwai saura.

Shekara ta zagayo ba ciki. Ta biyu ta wuce. Titi ya isa Gummi, kamfani ya kwashe kayansa da Surukuwarsa ya tafi, na koma aikin hukuma. A shekara ta uku sai gari ya tuno da akwati. Ba mai faɗa a gabana, amma ina shiga majalisa sai a canza hira. Mata suna zuwa gidana barka da kaza, sannu da kaza, su rage murya su ce mata, "Ke dai kin yi haƙuri, ai an faɗa wa Baffanki." Har Inna ta daina haɗa ido da ita don kunya. Ni da na san gaskiya, ni da na kwantar da bajon da hannuna, sai da na fara shakka. Nakan ce, to in takardar nan ta yi daidai fa? Ai ni nake buɗe akwatin safe da yamma.

A shekara ta biyar, wata rana bayan azahar tana tankaɗe, na zauna a bakin ƙofa na ce mata in tana son ta koma gida ta samu rabonta a wani wuri, ba zan riƙe ta ba. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ni na san abin da na aura. Baffa ya faɗa a gaban shaidu. Matsa, kana tare mini haske." A duk shekarun nan ba ta taɓa ambaton akwatin ba, ko a faɗa, ko a wasa, ita da ta yi dariyarsa har ta zauna a ƙasa.

A shekara ta shida, da damina, ta haifi ɗiya mace. Da aka gama gyara ɗaki aka ce in shigo, na shiga. Inna ta miƙo mini jaririyar a cikin zane, na karɓa, ban san ta inda ake riƙewa ba. Maijegon tana kwance ta gaji tiɓis, ta buɗe ido ɗaya ta dube ni.

Ta ce, "Kaɗo."

Na ce, "Na'am."

Ta ce, "In ka gaji ka miƙo mini ita. Kada ka kai ta ajiya."

Inna ta fashe da dariya, matan ɗaki suka ɗauka. Ni ma na buɗe baki in yi, sai kuka ya zo a madadinta, na tsaya a tsakar ɗaki da ɗiyata a hannu ina yi kamar yaro. Shekara shida ta riƙe wannan tsokanar a cikinta, tana jiran ranar da ba za ta yi mini ciwo ba.